Babi na Shida: Cokali, Waya da Dalma

Yawancin kayan su na ƙasar Hausa kayan jira ne. A kafa kalli da yamma a dawo da asuba. A nitsar da gura da dusa a cikinta a tafi gona. A shimfiɗa mamari a ƙasan ruwa a bar kifi ya zo ya sarƙe da kansa. Ko mai birgi, da ake ganin shi ne mai kai hari, tsayawa yake a goshin jirgi sai ya ga ruwa ya motsa sannan ya watsa. Amma akwai wani salon su da ba a jira a cikinsa, wato jan fatsa. Masunci zai saki doguwar igiya a bayan jirgi, a ƙarshenta an ɗaura wani abu mai sheƙi da ƙugiya, ya riƙa tuƙi sannu-sannu, abin yana biye da shi a ƙarƙashin ruwa yana rawa. Babu tana, babu hanjin kaza, babu ƙuli-ƙuli. Ƙarfe ne zalla ko itace, kuma karfasa mai kiwon gansakuka ko kallonsa ba za ta yi ba. Mafarautan ruwa ne ke kawo masa cafka: giwan ruwa da tsage, jefi-jefi ragon ruwa ko tarwaɗar da ta ƙasaita.

Gulbin Zamfara ba ya ba da wannan dama duk shekara. A wajen Anka kan duwatsu da yashi yake gudu, idan rani ya tsananta sai ya tsinke ya koma gurbi-gurbi, yara su ƙetare shi da ƙafa. Sai ya ratsa ƙasar Bukkuyum ya doshi Gummi ne yake buɗewa, fadama ta yi faɗi, ruwa ya fi jimawa, daga nan ya nufi Jega ya je ya haɗe da Gulbin Sakkwato kudu maso yamma da Birnin Kebbi. Da tsakiyar damina kuwa ya cika ya batse, ja wur da laka, yana tafe da kututture da karan gona. Wanda ya ja igiya a cikinsa a lokacin shara zai kama. Saboda haka kwanakin jan fatsa a nan ba su da yawa. Suna farawa ne da kaka, sa'ad da ruwa ya ja da baya laka ta kwanta, su ƙare a cikin ɗari, lokacin da gindin jirgi ya fara goga yashi. Mai son yin sa da gaske sai ya nemi ruwa mai zurfi da tsawo: tafkin madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, ko can Yawuri, inda madatsar Kainji ta tare Kwara tun 1968. Wannan su ba shi ke ciyar da masuntan Gummi yau da gobe ba, kalli da birgi da gura ne ke yin wannan. Sai dai kayansa ba su da tsada, kusan duk a gida ake haɗa su, kuma giwan ruwa guda ɗaya na kirki ya fi kwandon karfasa kuɗi a kasuwa. Giwan ruwa na iya wuce kilo 100. A gasar Argungu ta 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne, kuma ruwan Argungu da na Gummi dangi ne, a gulbi ɗaya suke haɗuwa.

Me zai sa kifi ya ciji ƙarfe? Tsage da giwan ruwa ba su da lokacin sunsuna abinci. Abin da suke farauta ƙananan kifaye ne masu farin jiki irin su kawara, waɗanda idan suka juya a cikin ruwa gefensu ke walƙawa. Lafiyayyar kawara da wuya a kama ta. Wadda ta ji ciwo kuwa tafiyarta ba ta miƙewa, tana karkata dama da hagu, tana walƙiya tana ɓacewa, kuma ita mafarauci ke nema domin ba za ta ba shi wahala ba. Ban da ido, kifi yana da wani siririn layi da ya bi gefen jikinsa daga bayan kai zuwa wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa ko da duhu ne ko ruwan ya gurɓace. Duk mai haɗa kayan jan fatsa abu biyun nan yake kwaikwayo, walƙiya da tangaɗi. Kamannin kifi sak ba su da muhimmanci yadda mutane ke zato. An sha ganin abin da aka ƙawata da ido da ɓawo da fenti kala-kala ya kwana bai kama komai ba, guntun cokali ya cika jirgi.

Cokalin da ake so shi ne mai sheƙin nan da ba ya tsatsa, mai ɗan kauri. Na alminiyum bai da nauyi, zai riƙa tasowa saman ruwa yana tsalle. Na shayi ya yi wa tsage daidai, na cin shinkafa kuwa sai giwan ruwa. Za a yanke mariƙin daga wuya da zarton ƙarfe, a goge wurin da magagari har ya yi sumul, domin duk ƙaramin kaifin da aka bari shi zai ci igiya. Sai huji biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Nan ne aikin yake, don wannan ƙarfe yana da taurin kai. Wanda ke kusa da mai walda ya kai masa ya huda da inji, minti biyu an gama. Wanda ke ƙauye sai ya kifa cokalin a kan kututture, ya sa ƙusar kankare ya buga har bayan ya yi ƙululu, ya juya ya goge ƙululun da magagari har ya yi sirit, ya sake bugawa. Hujin ya tsaya kusa da baki amma ba dab ba, a bar masa ƙarfen da zai riƙe. Idan ka duba kan cokali za ka ga gefen mariƙi ya fi faɗi, bakin ya fi tsini. Igiya a gefen tsinin take shiga, ƙugiya a gefen faɗin. Haka ne zai sa bayan ya riƙa kaɗawa. Zoben da ke haɗa su kuwa, a sami sifok na ƙafar keke a naɗa shi sau biyu a jikin ƙusa babba a yanke, ko a ciro ƙaramin zoben makulli. A ƙarshe a dirje shi da toka da ɗan tsumma. Wasu kan ɗaura jan zare a gindin ƙugiya, wasu kan shafa jan fenti a cikin kwarmin su bar bayan yana sheƙi. Mariƙin ma ba a yar da shi: a huda shi gaba da baya, a ɗan tanƙwara shi, ya zama siririn abin ja mai nitsewa da sauri inda ruwa ke gudu.

Kafin a ɗora shi a jirgi sai an gwada. A je bakin ruwa inda ake ganin ƙasa, a ɗaura masa igiya gaba biyu, a ja shi ana tafiya irin tafiyar mai zuwa masallaci bai makara ba. Idan yana lilo dama da hagu, ya yi. Idan yana juyi ne yana wulwulawa, kwarmin ya yi zurfi, sai a kwantar da shi a buga masa guduma kaɗan ya baje. Idan kuma ya taho a miƙe ba motsi, an baje shi da yawa, a ɗan ɗaga bakin da awartaki. Mutum kan yi ta bugu da gwaji har ya dace, kuma cokula biyu daga kwali ɗaya ba lalle su yi rawa iri ɗaya ba. Shi ya sa za ka ga masunci ya damu da wani tsohon cokali da ya lotse, ya ƙi musanya shi da sabo.

A Amurka ana ba da labarin wani Julio Buel, wai yana cin abinci a jirgi a ƙarni na 19 cokali ya suɓuce masa ya faɗa tafki, ya ga babban kifi ya bi shi ya cafke yana nitsewa. Ko labarin ya faru haka ko an yi masa gishiri, mutumin dai ya karɓi takardar mallakar fasahar a 1852 ya kafa sana'a a kanta. Amma ba shi ya fara ba. Mutanen tsibiran tekun Pasifik sun yi ɗaruruwan shekaru suna sassaƙa ɓawon ƙumbar teku mai sheƙi suna jan sa a bayan jiragensu. Wanda labarinsa ya fi kama da namu shi ne Lauri Rapala, talakan masunci a ƙasar Finland. A 1936 ya ɗauki wuƙa ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mara nauyi, ya naɗe shi da takardar ƙyalli, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga, saboda ba shi da kuɗin fenti. Yau sunansa na jikin kayan su da ake sayarwa a duk duniya, da tsadar da masuncin Bukkuyum zai ji ya kama baki. Abin da ya yi kuwa bai fi ƙarfin mai sassaƙar turmi da muciya ba. Itacen rimi ba shi da nauyi kuma yana bin wuƙa. A fere shi tsawon taƙi ɗaya ko ƙasa da haka, a tsaga cikinsa a kwantar da waya guda ɗaya daga hanci zuwa wutsiya mai madauki uku, na igiya a gaba, na ƙugiya a ciki da baya, ta yadda ko kifi ya farfasa itacen yana nan riƙe a waya. A manna masa takardar ƙyalli ta cikin kwalin shayi, a shafe da fenti mai hana ruwa. A ƙarƙashin haɓa a tsaga a cusa ɗan harshe na gwangwani ko roba mai tauri. Wannan harshe shi ne ransa. Ruwa ke dukansa ya tura kan ƙasa ya sa jikin ya yi ta karkarwa. Gajere mai kallon ƙasa, sama-sama zai bi. Dogo mai miƙewa gaba, zai nitsa. Idan ya riƙa zamewa dama, a ɗan karkata madaukin hanci zuwa hagu, kaɗan ƙwarai.

Ƙugiya ce kaɗai nake ganin gara a saya. Maƙeranmu sun daɗe suna ƙera ta, kuma har yanzu akwai mai iya lanƙwasa sifok ya fitar masa da kunne ya wasa baki. Wahalar tana wajen shayar da ƙarfen. Idan bai sha ba, babban kifi zai miƙe ƙugiyar ya tafi. Idan ya sha ya wuce kima, ta karye. Kamfanin Mustad na garin Gjøvik a Norway tun 1877 yake ƙera ƙugiya da inji, kuma shi da masu kwaikwayonsa sun cika kasuwannin Afirka da ita a farashin da maƙeri ba zai iya ba. Abin da ya rage wa hannu shi ne wasa ta, domin ko sabuwa ce ba ta rasa buƙatar dutse. A ja bakinta a kan farce: idan ta zame, da saura, idan ta kama, ta yi. Ana haɗa uku baya da baya a ɗaure da siririyar wayar tagulla su zama mai baki uku, wannan ya dace da giwan ruwa, wanda ke wangame baki ya zuƙe abu gaba ɗaya. Tsage kuwa bakinsa ƙashi ne da haƙora, yana jin ƙarfe zai yi sama ya girgiza kai. Mai baki uku tana raba ƙarfin sukan gida uku, babu wanda ya shiga sosai, sai ka ga ya tofar da cokalin a iska. Guda ɗaya mai kauri mai kaifi ta fi zama a bakinsa.

Haƙoran nan su ne dalilin waya. Nailan komai kaurinsa tsage zai datse shi a cizo ɗaya, shi ma giwan ruwa marfin kumatunsa yana da kaifi, idan ya juya yakan yanke igiya. Tsakanin cokali da nailan sai an sa waya kamu ɗaya. Tsohuwar wayar burkin keke ko ta kulocin babur ta isa: a warware ta a ɗebi silli biyu ko uku a murɗe, a yi madauki a kowane ƙarshe. Mai gyaran babur zai ba ka ita kyauta. Sai kuma matsalar da ke sa mutane da yawa su yi fushi su bar wannan su tun ranar farko. Cokali ko yaya aka daidaita shi yakan juya jefi-jefi, kowane juyi kuma yana murɗa igiya. Bayan awa guda a ɗago ta, ta cukurkuɗe kamar gashin da aka kwance wa kitso ba a taje ba. Maganinsa ɗan mahaɗi mai juyawa a tsakanin waya da nailan. Ana sayar da shi, ana kuma yin sa: a zura guntun waya biyu ta cikin ɗan bututu ko dutsen ado mai huji, kowanne a nannaɗe kansa a ciki ya zama ba ya fita amma yana juyawa. Igiyar da ta riga ta murɗe, a cire mata komai a sake ta tsirara a bayan jirgi a yi tafiya kaɗan, ruwa zai warware ta.

A jirgi mutum biyu sun fi ɗaya, matuƙi da mai igiya. Ana sakin gaba ashirin zuwa talatin don cokali ya yi nisa da ƙarar filafili, a bi gefen inda zurfi ya fara, kusa da duwatsu da itatuwan da ruwa ya ci, domin nan giwan ruwa ke laɓewa. Sanyin safiya da gab da magariba sun fi. Idan yaro ya ce, “Baba, yaya zan san ya kai zurfin?” amsar ba ta wuce a ce masa ya saki har ya ji yana tuntuɓe da ƙasa ba, sannan ya ɗebe gaba biyu. Abu ɗaya ne ba a yi ko da wasa: naɗa nailan a yatsa ko a wuyan hannu ko a babban yatsan ƙafa. Kifi mai kilo talatin idan ya fizga, ko ya yanke nama har ƙashi, ko ya jefa mutum ruwa. A naɗe igiyar a guntun katako, a ɗaura ta a gefen jirgi ta hanyar yankin tiyub na keke, robar ta shanye fizgar farko ta kuma nuna an ci. Ƙaramin jirgi kuwa ba ya son mutum biyu su ruga gefe guda. Mutanen Gummi ba sa buƙatar a tuna musu halin wannan ruwa. A watan Satumba na 2024 jirgin katako ɗauke da manoma masu ƙetarawa gonakinsu ya kife kusa da garin, aka rasa rayuka da dama. Jarka mai marfi wadda ba komai a ciki, ɗaure a jirgi, ba ta cin wuri, kuma idan jirgi ya kife ita za a riƙe.

Saura nauyi. Cokali shi kaɗai ba ya nitsa sosai idan ana jan sa, ruwa na ɗago shi, manyan kifi kuwa a ƙasa suke. Dole a rataya wa igiya abin da zai danne ta. A ko'ina a duniya abin da masunta suka fi so shi ne dalma, ba ta zubin tukwane ba wadda alminiyum ce, sai dai mai nauyin nan ta cikin batirin mota. Dalilin a fili yake. Ƙarama ce ga nauyi, ba ta tsatsa, tana da laushi har ana matse ta a jikin igiya, kuma tana narkewa a zafin digiri 327, wanda garwashin gawayi da gwangwanin madara sun isa su kai. Yadda ake yi sananne ne. A sami mataccen batir a fasa da gatari, a zubar da ruwan cikinsa a ƙasa, a zaro farantan, a karkaɗe baƙar ƙurar da ke manne da su, a cusa sauran a gwangwani a ɗora a wuta. Can sai a ga ruwan azurfa ya kwanta a ƙasa, datti ya taso sama, a kwashe shi da cokali a watsar gefe, a zuba ruwan a ramukan da aka yi a busasshen yumɓu. Idan akwai danshi a ramin ko ɗigo ɗaya ne, dalmar za ta yi bindiga ta fantsama a fuska. Wannan haɗarin kowa ya san shi don ana ganinsa nan take. Baƙar ƙurar da aka karkaɗe da dattin da aka watsar gefe su ne ba a kula da su, kuma sau da yawa a tsakar gida ake aikin, inda yara ke rarrafe, kaji da agwagi ke tsattsaga.

Babu inda ya kamata a yi wannan magana da babbar murya kamar Anka da Bukkuyum. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka tarar da ƙauyukan da yara ke ta suma da jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Da aka gwada jini sai aka ga dalma ce. Zinariya ta yi tsada, mutane suna kawo duwatsun ma'adinai cikin gida suna dakawa, suna niƙawa a injin niƙan hatsi, duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ɗaki da tsakar gida da kwanon abinci. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a ƙasar Anka. 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. A ƙauyuka biyu da masu bincike suka bi gida-gida, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da aka rasa ta haura 400, dubbai kuma aka yi musu magani. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa. Ta Bagega ba a samu yi ba sai 2013. Mazauna ƙauyukan sun ce kafin yara su fara, agwagi ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya gane abin da hakan ke nufi.

Wani zai ce ai wannan ma'adinai ne tan-tan, ina ruwansa da masunci mai narka batir ɗaya a shekara? Akwai gaskiya a ciki. Dunƙulen dalma da ke rataye a igiya bai kai ƙura haɗari ba, kuma batir ɗaya ba buhunan dutse ba ne. Amma a duba abin da ya faru a Thiaroye-sur-Mer, unguwar masunta a gefen Dakar ta ƙasar Senegal. Shekara da shekaru maƙeran wurin suna fasa batir suna zuba dalmar komar kamun kifi, dattin yana taruwa a cikin yashin unguwa. Da dalma ta yi kuɗi, mata suka shiga tankaɗe yashin suna tsintar ragowar don sayarwa, har cikin gidaje. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu. Dalma ba ta ruɓewa, inda aka watsar da ita nan za ta zauna tana jiran wanda zai tone. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a ce ba komai, kuma cikin abin da aka haɗiya, jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa. Wadda ba ta kashe ba tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, ba tare da zazzaɓi ko ƙurji da zai sa uwa ta farga ba. Tana kuma kwanciya a ƙashi shekaru masu yawa, ta fito ta shiga jini lokacin da mace ke da juna biyu. Yaran da aka yi wa magani a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu sun yi aure. Gidan da ke da irin wannan tarihi ba ya buƙatar ƙari ko na ƙwayar gero. Ingila ta hana ƙananan dalmar fatsa a 1987 saboda manyan fararen tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta suna mutuwa, Denmark kuma ta hana sayar da ita ga masu fatsa a 2002. 

Mai birgi yana da uzurin da ba zan raina ba. Bakin birgi yana son nauyi ƙanana masu yawa, masu santsi, waɗanda za su ja koma ƙasa da sauri kafin kifi ya zille, kuma ba sa sarƙe zare. Da wuya a sami abin da ya kai dalma a wannan aiki da kuɗin da talaka zai iya. Idan ta zama dole, to a yi narkin can nesa da gida da rijiya, iska na kaɗawa daga bayan mutum, gwangwani da cokalin aikin kada su sake ganin madafa, tufafin a cire su kafin a ɗauki yaro, hannu a wanke da sabulu kafin a taɓa tuwo ko goro. Matse dalma da haƙori, wanda masunta da yawa ke yi ba tare da tunani ba, a bar wa awartaki.

Mai jan fatsa kuwa ba shi da wannan uzuri, don nauyi guda ɗaya yake buƙata, kuma ƙarfe zai yi masa. Lissafin mai sauƙi ne. Inda dalma ke da nauyin gram 11.3, ƙarfe mai girmanta yana da kusan 7.9. Idan aka cire abin da ruwa ke ɗaukewa, wurin da dunƙulen dalma biyu za su yi aiki, na ƙarfe uku masu girmansu za su yi. Dutse ko gasasshen yumɓu sai an ninka girman wajen sau shida ko fiye, ya zama ƙato yana tare ruwa yana ɗago igiyar da aka sa shi ya danne, don haka a bar su wa kalli da mamari da ke kwance wuri ɗaya. Notin tayar mota, guntun rodi, ko mataccen fulogin babur duk suna yi. Fulogi ma kamar don wannan aka yi shi: a wanke baƙin man, a buga ɗan lanƙwasasshen ƙarfen bakinsa ya rufe ya zama madauki, ga shi dogo siriri yana ratsa ruwa. Zai yi tsatsa, amma kafin tsatsa ta cinye shi dutse ya riga ya karɓe.

Wurin rataya shi ma yana da ƙa'ida. Ba a manna nauyi a jikin cokali, zai kashe masa rawa. A auna gaba ɗaya da rabi ko biyu daga cokali zuwa sama, wajen mahaɗin nan mai juyawa, a ɗaura wani guntun zare kamu ɗaya ya sauka ƙasa, notin ko fulogin a ƙarshensa. Ta haka nauyin ne ke bin ƙasa yana tuntuɓe, cokali na bayansa a sama kaɗan yana aikinsa, kuma nauyin da ke reto a ƙasa yana taimakawa wajen hana babbar igiya murɗewa. Zaren ratayar a zaɓe shi da gangan ya fi babbar igiya rauni, rabin ƙarfinta ko ƙasa da haka. Ranar da ya maƙale a tsagin dutse ko a cikin saiwa, sai a ja da ƙarfi zaren ya tsinke, noti ya zauna a can, cokali da waya da ƙugiya su dawo jirgi, a sa hannu a aljihu a ɗauko wani notin a ɗaura.